Mazari da waya: yadda muka tattara abin da kakarmu ta sani a Tawa, 2018 zuwa 2022

Asalin lamarin

Matar da wannan bayani ya shafa kakata ce, wadda ta haifi babana. Ba zan ambaci sunanta ba, haka ma na sauran mutanen gidan. Kaka muke ce mata, haka zan kira ta a nan. An haife ta a wani ƙauye na ƙasar Adar, tafiyar yini guda a ƙafa daga garin Tawa. Aure ya kawo ta gari, cikin ɗaya daga tsofaffin unguwanni, kuma a ɗakin da aka kai ta tana amarya ta cika, ko da yake an rushe shi an sake gini har sau biyu. Mijinta ya rasu a 1988, 'yan watanni bayan rasuwar Shugaba Seini Kunce. Daga nan gidan ya koma hannunta gaba ɗaya.

Wanda ya san Adar ya san mazajenta 'yan ci-rani ne. Da an gama girbi sai Abijan, wasu Najeriya, wasu Arlit, wani ya yi shekara uku bai leƙo gida ba. Mata ne ke riƙe da gidaje, kuma a namu komai a hannun Kaka yake tsayawa. Ita ake aiko wa kuɗi ta raba. Ita ke karɓar haihuwa kafin ungozoma ta iso. Matan unguwa wurinta suke kawo ajiya, daga 'yan kunne har kuɗin adashi, ba tare da takarda ko shaida ba. A 2018 tana da 'ya'ya 4 a raye, jikoki 43, tattaɓa-kunne sun haura 90, a warwatse tsakanin Tawa, Keita, Yamai, Sakkwato da Abijan.

Takarda ɗaya ce tak ke ɗauke da bayaninta: katin shaida da aka yi mata lokacin da za ta tafi aikin Hajji a 1993, shekara guda kafin a karya darajar sefa. A jikinsa an rubuta cewa an haife ta "wajen 1935". Wanda ya rubuta kallonta kawai ya yi ya ƙiyasta. Ni kuma malamar makaranta ce a Yamai, fiye da kilomita 500 daga gida, ba na zuwa sai da hutu. "Kishiya" take ce mini, kamar yadda kakanni ke kiran jikokinsu mata.

Agusta 2018: maganar nono

A Babbar Sallar 2018 aka taru za a sa ranar auren wasu jikokinta biyu, ɗan Gwaggo da ɗiyar ƙanen babana. Auren zumunci ne, kowa yana murna, an riga an kai goro. Kaka ba ta ji maganar sosai ba sai da yamma, da wata jika ta matso kusa da kunnenta ta maimaita mata. Ta yi shiru, sannan ta ce a kira mata Baba Babba.

Abin da ta gaya masa shi ne, a bazarar 1995, lokacin da sanƙarau ya yi ɓarna a Nijar, Gwaggo ta kwanta kwana tara ba ta san inda take ba. Yaron yana da wata biyar. Matar ƙanen babana, wadda ke goyon ɗanta na fari a lokacin, ita ta shayar da shi tsawon kwanakin nan, kuma Kaka ce da hannunta take miƙa mata shi. Yarinyar da ake son aura masa wannan matar ce ta haife ta bayan shekara uku. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jaririn da ya sha nonon mace ya kai cikinsa, ko sau ɗaya ne, ya zama ɗanta, 'ya'yanta kuma 'yan'uwansa ne, babu aure tsakaninsu. Matar da ta shayar ta rasu tun 2009. Gwaggo ba ta cikin hayyacinta lokacin, mazan kuma suna Abijan. Aka je wurin wata maƙwabciya tsohuwa, ta ce haka aka yi, da idonta ta gani. Aka fasa auren, da kuka da ɓacin rai na watanni.

Cikin satin nan kuma, sau biyu Kaka ta kira ni da sunan wata ɗiyarta da ta daɗe da rasuwa, ta kuma tambayi abu ɗaya sau uku a zama guda. Abubuwan biyu da suka haɗu suka tayar mini da hankali. Akwai ilimin da aure da gado da zumuncin mutum fiye da 130 suka rataya a kansa, yana cikin ƙwaƙwalwar mace ɗaya, ƙwaƙwalwar kuma ta fara rawa. Na gaya wa Baba Babba ina son in rubuta abin da ta sani. Ya ce Allah ya yi albarka.

Disamba 2018: littafi da biro

Na dawo da hutun ƙarshen shekara ɗauke da tambayoyi 60 da na tsara a Yamai, bi da bi: sunanki, sunan iyaye, shekarar haihuwa, shekarar aure, sunan miji, yawan 'ya'ya, da sauransu. Muka zauna sau biyar bayan sallar La'asar a tsakar gida, Baba Babba da wani ƙanensa suna gefe kan kujera don su taimaka.

Abin da na samu shafi huɗu ne, rabinsu "Allah ne masani". Tambayar shekara ba ta da amsa a wurinta, domin ba ta taɓa ƙirga rayuwarta da lamba ba. Da na ce me take tunawa game da 3 ga Agusta 1960, ranar samun 'yancin kai, sai ta ce, "Ranar ga da kuka hwaɗi, ni dai daka nika yi." Sunan mijinta ba ta faɗa, shekara 30 bayan rasuwarsa. "Mai gidan ga" take cewa. Sunan ɗan farinta ma haka, da na uwar mijinta, da na duk jikar da aka sa wa sunan uwar mijin. Da na kai tambayar yawan 'ya'yan da ta haifa, ta ɗauke kai ta dubi bango.

"Kishiya, ba a ƙilga ɗiya. Mi kika biɗa haka?"

Ban da wannan, duk inda ta ɗan yi jinkiri sai ɗaya daga cikin mazan ya amsa mata, ita kuma ta ce "awo, haka na", ko da ba haka ba ne. Daga baya na gane uku daga cikin amsoshin da na rubuta a shafukan nan na 'ya'yanta ne, kuma biyu kuskure ne.

Afrilu 2019: kyamara da taro

Wani ɗan'uwanmu da ke ɗaukar hoton biki ya ce matsalar littafin ne, a bar ta ta yi magana kawai. Aka shimfiɗa darduma a zaure, aka sa mata mayafinta na Makka, aka tara mutum kusan 30, aka kafa kyamara da fitila. Ta yi minti 50. Ta yi wa kowa addu'a, ta ce a riƙe zumunci da sallah, ta ce zaman da ta yi da mijinta da kishiyarta sai hamdala. Hoton ya yi kyau ƙwarai, kuma shi ne kaɗai muke da shi da ake ganin fuskarta tana magana, saboda haka ba na raina shi. Amma ba sunan ko mutum ɗaya da ba mu sani ba a ciki.

Abu ɗaya ne sabo, shi kuma ya ɓatar da mu. Ta ba da labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, yadda mutane suka riƙa tona gidan tururuwa suna neman hatsi. Ta ba da shi da "munka", kamar da ita aka yi. Kafin dare an yanka wannan wurin an sa a WhatsApp na dangi, aka rubuta cewa Kaka ta kai shekara 110. Daga ranar aka samu ɓangare biyu a gidan: masu riƙe da kati, da ke cewa 84, da masu riƙe da Kakalaba.

Yuli 2019 zuwa Mayu 2020: likita, sata da korona

A Yuli 2019 muka kai ta likita a kan mantuwar. Aka samu hawan jini, aka ba ta magani ƙwaya ɗaya kullum da safe. Aka kuma samu kunnuwanta biyu sun toshe da dauɗa, aka ɗiga magani na kwana biyar sannan aka wanke. Bambancin ya fito fili: yawancin maimaita tambayar da take yi ya ragu, ashe ba ta jin amsar ne. Mantuwar gaske tana nan, amma Gwaggo, wadda ke kwana da ita, ta lura cewa da hantsi tana garau, daga La'asar ne abubuwa ke cakuɗe mata. Duk zamana na Disamba bayan La'asar na yi su.

A wannan hutun na yi abin da har yau nake nadama. Na riƙa kunna wayata a ɓoye cikin jaka in tana hira da mata. Na tara kusan awa 6. Wata rana wani yaro ya taɓa wayar, muryarta ta tashi a tsakar gida tana maganar wata ajiya da ba ta so a ji. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kishiya, sata kika yi min?" Kwana uku ba ta ce mini komai ba sai amsa gaisuwa. Na ba ta haƙuri, ta yafe. A hanyar komawa Yamai aka zare wayar daga jakata a tasha, kuma ban kwafe komai a wani wuri ba. Awa shidan nan sun tafi.

A Maris 2020 korona ta shigo, aka rufe makarantu, aka killace birnin Yamai. Na gwada kiran waya, sau 11 cikin wata biyu. Ba ta saba magana da wanda ba ta gani ba. Takan gaishe ni, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta yi addu'a, ta miƙa wa Gwaggo wayar. Mafi tsawon kiran minti huɗu ne.

Yuli zuwa Satumba 2020: auduga

Na isa Tawa kwana biyu kafin Babbar Sallah. Shekara biyu sun wuce, abin da ke hannuna shafi huɗu da hoton minti 50. Gwaggo ce ta kawo shawara biyu, kuma ba daga wani littafi ta samo su ba.

Ta farko, ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa jin uwarta ta ba da labari hannunta na zaune ba. Ko tana kaɗi, ko tana tsince wake, ko tana dama fura. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, muka sayo auduga ta jikka biyu. Taskirarta tana nan cikin tsohuwar adaka, da mazari uku da guntun alli. Ta fi shekara 20 ba ta yi kaɗi ba.

Ta biyu, ta ce a ɗauko ƙanwar marigayi kakanmu daga ƙauye, wadda muke kira Kaka Ƙarama. Tana yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas aka kawo Kaka gidansu, ita ce 'yar aikenta ta farko. Tsakanin mace da ƙanwar mijinta akwai wasa, kuma abin da ya fi muhimmanci, ita ba ta da kunyar faɗin sunan yayanta ko na 'ya'yansa.

Wannan karon na nemi izini a fili. Na nuna mata wayar, na ce zan aje ta cikin faifai a gabanta, in ta ce a kashe a kashe. Ta sa sharaɗi biyu: ba namiji a wurin, kuma akwai maganganun da ba za a saurara ba sai wasu mutum uku sun bar duniya. Na amince. Muka tsayar da lokaci, bayan ta sha koko da magani, daga ƙarfe tara, minti 30 zuwa 45, a ƙofar ɗakinta. Duk ranar da aka yi zama, kafin in kwanta sai na kwafe shi a kwamfuta da katin ajiya, in kuma aika wa wata 'yar'uwa a Abijan.

Ranar farko ba ta ce komai ba na kusan minti goma. Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazarin a kan guntun fata, zaren ya tsinke, ta sake, ya sake tsinkewa. A karo na huɗu ya kama. Idonta ba ya ganin zaren, yatsun ne ke gani. Kaka Ƙarama ta ce, "Matar yaya, ashe hannun bai mutu ba." Kaka ta ce, "Ke da kika sace min abawa kina kai ma masaƙi ki amshi dabino?" Suka yi dariya har da tari. Daga nan aka shiga gidan kamar yadda yake shekara 80 da suka wuce: ɗakin wa ke gabas, rijiyar da aka bari, wa ya zo daga ina. Inda Kaka ta ce "wancan", Kaka Ƙarama ta faɗi suna, ni in rubuta.

Na daina tambayar yaushe. Na koma tambayar abu. Wannan tasar ta wa ce? Wa ya shuka dabinon bayan gida? Me aka ci shekarar jar dawa? Tambayar ƙarshen nan ta buɗe sati guda cur a kan farin 1973 zuwa 1974, da dawar taimako da aka riƙa rabawa, da Buzaye da Fulanin da dabbobinsu suka ƙare suka sauka bakin gari, da wata mata da ta haihu a zaurenmu Kaka ta riƙe ta wata bakwai. Daga nan ta tsallaka 'Yar Buhari, yunwar 1984, wadda aka sa wa wannan suna saboda ta zo daidai lokacin da Najeriya, a mulkin Buhari, ta rufe iyakarta, da yadda ɗiyarta da ke aure a Keita ta yi dakon duwatsu a aikin gyaran ƙasa da aka fara can a shekarar, ana biyansu da abinci. Wani jika da ba a san shekarar haihuwarsa ba, ta ce an yi sunansa gidan cike da baƙin kokowa. Gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa aka yi ta a 1975, wadda Kantu na Maradi ya ci. Shi ke nan, an samu shekararsa.

Maganar 'ya'ya ta zo a zama na 19, ba tare da na tambaya ba. Ta aje mazarin, ta ciri auduga ƙanana-ƙanana tana jerawa a kan faifai kusa da wayar. Na ƙirga a zuci, 11. Sai ta ɗauki ta farko ta tura ƙarƙashin gefen zanenta. Kaka Ƙarama ta faɗi sunan a hankali, ta ce ƙyanda, yana shekara uku. Ta ɗauki ta uku. "Wagga ba ta kai yaye ba." Haka har shida. Biyar suka rage a faifan. Babana, mai shekara fiye da 60, bai taɓa sanin cewa akwai tagwaye a gabansa ba. A cikin muryar da aka ɗauka kusan ba a jin komai a wurin sai sunaye shida da kukan kurciya. Ba ta faɗi lamba ba, kuma ban sa ta faɗa ba.

Zuwa ƙarshen Satumba mun yi zama 46, awa 31.

Oktoba zuwa Disamba 2020: lissafin shekaru da littafin nono

A Yamai na zauna da abin da aka ɗauka, ina sauraro ina rubutawa. Maganar Kakalaba ta warware da kanta: a zama na 8 ta sake ba da labarin, amma ta fara da "Inna tac ce". Labarin uwarta ne, ta ji shi har ya zama nata.

Alamomi uku suka rage waɗanda ita ta gani. Na farko, shekarar da fara ta rufe rana ta cinye hatsi, aka shiga yunwa. Ta ce lokacin tana famfara, tana tuna yadda take tura harshe a gurbin haƙorin. Yunwar fara mai tsanani a yammacin Nijar ta 1931 ce, yaro kuma yana famfara ne wajen shekara shida ko bakwai. Wannan ya ba da 1924 ko 1925. Na biyu, an yi aurenta lokacin yaƙin Hitila, da yadi ya ɓace a kasuwa, kayan aurenta duk saƙi ne da ita da uwarta suka kaɗa zarensa. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 mahukuntan Nijar suna bin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus, Najeriya tana hannun Ingila, iyakar ta yi tsauri. Ke nan ta yi aure tana da 15 zuwa 18. Na uku, ranar da labari ya zo cewa an daina aikin tilas, tana goye da na biyu. An soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka a Afrilun 1946. Alamomin uku sun dace da juna. Da katin gaskiya ne, da an yi mata aure tana shekara biyar zuwa bakwai, ta haifi biyu tana 11.

Sai na buɗe littafi dabam don shayarwa. Na samu 14: wa ya sha nonon wa, a wane dalili, wa ya gani. Guda 9 an samu mai rai da ya tabbatar, 5 maganarta ce kaɗai, kuma haka na rubuta a gabansu. Wani littafin ya ɗauki sunaye 212 na dangi da yadda suka haɗu, da ajiya 7 da ke wurinta, waɗanda aka mayar wa masu su ko magadansu tun tana raye.

2021 zuwa Nuwamba 2022: ƙarshe

A babban hutun 2021 muka ƙara awa 7 kawai. Kaka Ƙarama ta yi rashin lafiya ba ta iya zuwa ba, kuma in ba ita, hirar takan tsaya bayan minti goma. Daga farkon 2022 mazarin ya daina tsayawa a hannun Kaka. Ta koma kiran kowace mace da sunan ƙanwarta. Addu'a da Fatiha ba su bar ta ba har ƙarshe.

Ta rasu wata Alhamis da asuba a Nuwamba 2022, bayan an gama shigar da hatsi rumbu. A lissafinmu tana da shekara 97 ko 98, wato 100 ko 101 a ƙirgen wata. Ranar sadakar arba'in, bayan maza sun watse, matan gida suka taru a ƙofar ɗakinta aka kunna zaman farko, wanda ake rigimar abawa da dabino. Kaka Ƙarama tana wurin. Da ta ji muryar, sai ta amsa mata da ƙarfi kamar tana zaune a gabanta.

Jimillar abin da ke hannu awa 38 ne, kwafi uku a gari uku. Awa 3 daga ciki suna cikin adakar Gwaggo a kati dabam, ba a taɓa ba, domin biyu daga cikin mutum ukun suna raye. An buɗe littafin nono sau biyu tun rasuwarta, kafin a sa ranar aure. Duka biyun ba a samu komai ba, aka ɗaura.

Abin da na gani bayan komai

Littafin tambayoyi ya faɗi ne saboda na zo da ma'aunin makaranta. Na nemi lamba daga wadda ke ƙirga da yunwa da haihuwa, na nemi sunayen da tarbiyyarta ta hana ta faɗa, a gaban 'ya'yanta maza, a lokacin da ƙwaƙwalwarta ta fi gajiya. Kyamarar ta faɗi saboda taro ya mayar da ita uwar gida mai jawabi, uwar gida kuma ba ta tona cikin gidanta a zaure. Ɗaukar murya a ɓoye laifi ne, ba kuskuren dabara ba, kuma da wayar ba ta ɓace ba ma ban da hakkin amfani da abin da ke ciki. Zuwa likita ya kamata ya zama matakin farko. Shekara guda muka yi muna kiran toshewar kunne mantuwa.

Abin da ya yi aiki, a ganina, Kaka Ƙarama ce kafin auduga. Audugar ta saki harshe, amma 2021 ta nuna cewa auduga ba abokiyar hira ba ta wuce minti goma. Ita ce ta ɗauke wa Kaka nauyin kunya ba tare da an sa ta karya ta ba, ita ce kuma mai gyara in an kauce. Shekara biyun da na ɓata kafin in tambayi Gwaggo su ne asarar da ta fi girma, domin Kaka ta 2018 ta fi ta 2020 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Hanyar tana da raunin da ban gani ba sai da lokaci ya ƙure. Kaka Ƙarama 'yar gidan miji ce, saboda haka duk hirar gidan miji take ja. Cikin sunaye 212, na dangin Kaka na ƙauyensu 17 ne kawai. Matar da ta ba ta labarin Kakalaba, wadda suka kaɗa zaren aurenta tare, ta fito a zama fiye da 20, amma ko sau ɗaya ban tambayi sunanta ba, Kaka Ƙarama kuma ba ta san shi ba. Na lura da gurbin ne a Afrilu 2022, ina cike bishiyar dangi. Na hau mota na zo Tawa, na zauna kusa da kunnenta da hantsi, na ce, "Kaka, mi as sunan mahaifiyarki?" Ta riƙe hannuna ta daɗe tana murza yatsuna kamar mai murza mazari.

"Inna," ta ce.

Na sake tambaya washegari, da ranar da ta biyo. Haka na rubuta a gurbin.